Ranar da Na Bar Surukina a Cikin Mota

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da surukina Alhaji Bukar ya yarda ya shiga motata. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tsakar cin abinci, sai na ajiye cokali.

Bari in fara daga motar. Tsohuwa ce, amma ina ji da ita. Man 'yan ruwa-ruwa da nake ɗura mata a bakin hanya ne ya toshe katalizarta, wato abin nan da ke cikin salansa yana tace hayaƙi. Ta koma tafiya kamar mai ciwon baya, har kabu-kabu mai goyon buhu sai ya wuce ni. Makanikena ya yanke salansar, ya fasa abin, ya zazzage, ya liƙe. Mota ta samu numfashi, sai dai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. (Na liƙa mata salatif. Matata Falmata ta ɓamɓare, ta ce ba a rufe ciwo da tsumma a gidanta.)

Aka nuna mini wani Sanusi, mai balis, na'urar da ake jona wa mota a karanta ƙwaƙwalwarta. Ya ce ƙwaƙwalwar tana ta neman katalizar ne ba ta ganinsa, sai an sake mata tsari ta manta da shi. Ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, a kan cinya.

"Patoro, maigida, tsarin iri biyu ne. Akwai na gida, lafiya lau. Akwai kuma wanda samari ke sawa, shi ƙarfi gare shi, amma fa tana ɗan surutu."

Ni da furfura ta fara leƙo mini a gemu, na gyara tsayuwa na ce, "Sa mini na samarin."

Na ɗauko mota na lallaɓa gida a kan kwalta. Ban ji komai ba sai wani gurnani mai daɗi, ina ta yi wa kaina murmushi a madubi.

To, a nan sai kun san waye Alhaji Bukar. Dattijo ne ɗan asalin Barno, tsohon ɗan kasuwar fata, magana ɗaya yake yi a wuni. Tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma taɓa aike na ko sayen goro ba. A wurinsa ni ɗan biro ne, ɗan zaman ofis mai rawar kai, kuma na san haka, yana kuma ci mini rai. Shekara da shekaru ina durƙusawa gabansa ina neman ranar da zai dube ni a matsayin mutumin da za a jingina da shi.

Washegari da hantsi Falmata ta shigo da waya a hannu, idonta waje. Aminin Babanta na ƙuruciya ya rasu a tsohuwar unguwar Birni, an kai shi tun safe, gwiwoyin Baba kuma sun hana shi zuwa jana'iza. Yana son a kai shi gaisuwa, kuma ni ya ambata da bakinsa.

Na wanke mota har ƙarƙashinta. Na sa babbar riga. Da na isa, na tallabe shi na zaunar a gaba, na ajiye sandarsa a baya, sannan don in nuna ni mai kula ne na jawo ɗamarar kujera na ɗaure shi da hannuna. Ya dubi ɗamarar, ya dube ni. A rayuwarsa bai taɓa sa ta ba.

Duk wanda ya san lungunan Birni ya san rairayinsu. Idan ka yi sanyi mota ta nutse, dole ka sa ƙaramin bitas, wato giya, ka ba ta wuta sosai har ka fita. Haka na yi, inji na ta kuka. Muna karya kwana sai ga zaman makokin a gabanmu: tabarmi cike da dattawa daga wannan bango zuwa wancan, liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ba a isa irin wannan wuri da hayaniya, ko mai babur kashewa yake ya tura. Saboda ladabi na ɗage ƙafata daga kan mai gaba ɗaya.

Tau! Tau! Ta-ta-tau!

Wallahi ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Bangayen lungun suka kama ta suka dawo mana da ita ninki biyu. Tattabaru suka tashi. Tabarmi suka watse, huluna suka zube, wani tsoho da aka ce da ƙyar yake zuwa masallaci na gan shi ya tsallake buta da benci a tashi ɗaya. Wani ya kwarma ihu, "Sun shigo! Sun shigo!"

Ni kuwa, ko kusa motata ba ta zo mini a rai ba. Na gama yarda harbi ake, kuma daga bayanmu. Na danna mai in tsere da mu, tayoyi suka haƙa rami suka zauna. Na sake ɗage ƙafa. Tau! Tau! A kunnena sun iso daidai wutsiyar motar.

Abin da ya biyo baya ban shawarci kaina a kai ba. Na dai tsinci kaina a waje ina gudu, babbar riga a hammata, takalmi ɗaya. Na faɗa zauren farko da na gani, ashe gidan mamacin ne, na ɓulla tsakar gida cikin mata masu takaba da 'yan gaisuwa, ina cewa, "Ku kwanta! Ku kwanta ƙasa!" Na lafe bayan randa ina salati. (Randar ba ta kai rabin faɗina ba, amma a lokacin gani nake katanga ce.)

Ƙarar ta ɗauke. Sai na ji muryar wani a waje yana cewa, "Jama'a ku dawo, motar ce! Na ga wuta na fita ta salansa!"

Sai a lokacin na tuna Sanusi. Sai a lokacin kuma, Allah Ya yafe mini, na tuna Baba.

Babban ɗan mamacin ne ya shigo ya fito da ni. Mota ta mutu inda na bar ta, ƙofata a wangale, wurin sai warin ɗanyen mai. Alhaji Bukar yana zaune daram, hularsa ta karkace, ɗaure da ɗamarar da bai san yadda ake kwance ta ba, sandarsa a baya inda hannunsa ba ya kaiwa. Da harbin gaske ne, haka zai zauna ya jira. Na durƙusa a cikin rairayi na kwance shi.

"Baba, don Allah..."

"Miƙo mini sandata."

Aka sake shimfiɗa tabarmi, dattawa na dawowa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, wasu na haki, ba mai kallon ɗan'uwansa. Baba ya zauna, ya yi gaisuwa, aka yi wa mamaci addu'a. Ina can gefe ina fatan kowa ya ɗauka direban haya ne. Sai liman ya tambaya, "Alhaji, wannan bawan Allah fa, daga ina?"

"Surukina ne," in ji Baba, bai ko rage murya ba. "Shi na ba Falmata."

Da za a tashi na matso zan kama shi. Ya ɗaga mini hannu, ya sa aka tsayar masa da kabu-kabu. Mutum biyu suka ɗora shi da waɗannan gwiwoyin nasa. Kafin su tashi ya waiwayo, a natse, babu faɗa ko kaɗan a muryarsa.

"Ka gai da mutanen gida. Ka ce wa Falmata in ji ni, ranar da ta ji wani abu, ta ɗauki yara ta nemi hanya. Kada ta tsaya jiranka."

Saƙon kam ban isar ba, amma kafin in samu masu turo mota daga rairayi labari ya riga ni gida.

Darasin da na ɗauka ɗaya ne. Da can idan ana hira aka ce wane ya gudu ya bar wane, ni ne kan gaba wajen cewa, "Ni da ni ne..." Yanzu idan aka zo wurin nan sai in sunkuyar da kai in kurɓi shayina, don ni an riga an gwada ni, gaban liman da dattawan unguwa guda.