Fizar Injiniya Marko

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kewaye Ƙaura da Shinkafi ina cigiyar abincin da ni kaina ban taɓa ɗanɗanawa ba. Lokacin jiharmu ta Zamfara tana sabuwa, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ni kuma ina koyar da Turanci a wata sakandare a Zurmi. Sai aka kawo wani Bature ɗan Italiya, Injiniya Marko, yana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Aka ce ni zan yi masa tafinta. (Turancinsa a karye yake, nawa kuma na allo ne, to ka ji haɗin.)

Wanda ya ɗauko ni shi ne kansilan mazaɓarmu, Alhaji Ummaru. Burinsa a saka ƙauyensu cikin masu samun rijiya, don matan can sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga ruwa. Nawa burin kuwa, ya sa baki a maida ni sakatariya a Gusau. Ya ce za a yi wa baƙo walima, in tambaye shi abin da ya fi kewa tun da ya baro gida.

Na tambaya. Marko ya yi ajiyar zuciya, ya dubi sama, ya ce wani abu kamar "Fiza."

"Mi ya ce?" in ji Alhaji.

Na taɓa ganin hoton fiza a wata mujalla a Kaduna, wani faifan gurasa da ja-ja a kai. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Ranka shi daɗe, abincin ƙasarsu ne. Na san shi sarai."

Wannan "sarai" ɗin ita ta kashe ni. Alhaji ya miƙo mini makullin babur ɗinsa, ya ce kada in dawo sai da ta ainihi, irin ta Italiya.

Na fara da Ƙaura, tunda garin jirgin ƙasa ne, babu irin mutanen da ba su sauka ba. A wani gidan abinci kusa da tasha na sami mai wurin, na rage murya don kada a ga ƙauyancina, na ce, "Kuna da fiza? Ta Italiya nake so." Mutumin ya dubi ƙofa, ya dubi gemuna, ya ce, "Malam, wallahi tun da aka ƙaddamar muka daina. Ko kwalba ɗaya ba ka samu nan." Na ce ba sha ake yi ba, ci ake yi. Ya ce ko mene ne, ya tuba. Har bakin titi ya rako ni yana rantsuwa.

Ta gaba wata Hajiya ce mai tuwo, ta saurare ni da kyau ta ce a Ƙaura dai babu, amma ranar kasuwar Shinkafi in nemi wani Ɗanladi, shi yake kawo su daga iyaka. Na ji sanyi a raina. Na isa Shinkafi da ƙura har cikin kunne, Ɗanladi ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ai 'yar Italiya ta fi kowacce ƙarko. Ƙarko? Ban gane ba, amma na gyaɗa kai. Ya ja ni bayan shago ya yaye buhu. Firiza ce, fara sol, har da kwandonta. Da na ce ba ita ba ce, wani da ke zaune a benci ya sa baki, ya ce in dai biza nake nema, ta Umara kawai yake iya yi, Italiya sai Legas.

A nan na fara shakkar ko mujallar ma mafarkinta na yi. Amma komawa wurin Alhaji hannu banza, bayan na ce sarai? Na tsaya tsakiyar kasuwa na yi ta tuno hoton. Gurasa dai ga ta. Ja-jan nan tumatir ne. Farin da ya narke a kai cuku ne, ga shi kuwa 'yan Nijar sun baza. Na haɗa da kilishi, don ban ga dalilin da za a ba baƙo abu ba nama ba. Matata Hadiza ta soya tumatir, muka shafa, muka ɗora a kasko. Cukun ya ƙi narkewa, sai ƙara tauri yake kamar fatar ganga. Ta ce, "Malam, ka tabbata haka suke ci?" Na ce ta bar ni da ilimina. (Ta zuba yaji da yawa, wai ko zai rufa mana asiri.)

Ranar walima zauren Alhaji ya cika da dattawa. Na shigo da tire a rufe, na ma yi ɗan jawabi, na ce an sha wuya kafin a samo. Na buɗe a gaban Marko. Ya leƙa, ya dube ni, ya tambayi mene ne wannan. Na ce abin da ya ce yana kewa ne.

Ya sake duban tiren. Can sai ya fashe da dariya har da dafe ciki. Ya zaro hoto daga aljihu: matarsa da 'yarsa, a bayansu wata doguwar hasumiya da ta karkace. Ya nuna, ya tattaro 'yar Hausar da ya tsinta wurin leburori, ya ce, "Pisa! Gari! Gari na!"

"To, ka ji," in ji Alhaji, "garin ne bai yi mai ba. Da wane irin gari kunka yi ta?"

Duk zauren ya juyo yana jiran tafinta. Ka san babu wani tafintan sai ni. Da bakina na bayyana wa dattawa cewa Pisa sunan garinsu ne, mutumin iyalinsa yake kewa. Wani tsoho ya ce, "Wato garinsu ne ka aje muna cikin tire?" Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Marko, Allah Ya saka masa, ya gutsiri abin don ya fitar da ni kunya. Yajin Hadiza ya sarƙe shi, aka yi ta ɗura masa fura yana hawaye.

Rijiya dai an haƙa, ashe tun farko ƙauyen yana cikin tsari. Maganar Gusau kuwa Alhaji bai sake tayar da ita ba, ni ma ban ga fuskar tuna masa ba. Na yi ritaya a aji, inda ɗalibai suka yi ta gadon sunan Malam Fiza daga yayyensu.

Abin da na koya bai da yawa: in ban ji magana da kyau ba, in ce a maimaita. Yanzu ko gishiri aka ce in miƙo, sai na tambaya na ci ne ko sunan wani ƙauye.