Hutun da Aka Ba Nomau

A wani daji mai kasuwa a gindin tsamiya, magana ta tashi wai Bushiya mai rumfar sussukar gero ta ba ma'aikacinta hutun haihuwa. Nomau ke nan, wani tantabara da ke kai wa masu saye aike. Matarsa Hansai ta yi ƙwai, kuma an ce tun ranar yana gida, albashi na tafiya.

Labarin ya iske Inna Tabawa, tsohuwar zabuwa, tana cikin kiwo, sai ta yar da ƙwayar da ke bakinta. Ba wai ba ta san da hutun uba ba. Akwai doka, amma majalisar dajin ta tsara ta don ma'aikatun da ma'aikatansu suka cika garke, irin kamfanin katako na Giwa. 'Yan rumfar Bushiya kuwa, har da ita Bushiyar, ba su cika tabarma ɗaya ba.

Damina nawa Tabawa ta yi tana kwanci ita kaɗai a cikin ciyawa, marigayi mijinta yana can yana yi wa wani dako? Ko ruwa za ta sha sai ta bar ƙwai tsakanin Allah da tunku. Yanzu Hansai, wadda aka ƙyanƙyashe jiya-jiya a gaban idonta, ita ce miji zai taya kwanci, har a biya shi?

"Ni ban yarda da an ce ba," in ji ta. "Sai na gani."

Al'adar tantabaru ce miji ya hau ƙwai daga hantsi zuwa la'asar, mata ta fita ta ci abinci. In bai hau ba, ko ƙwai su huce ko ita ta kwana da yunwa. Daidai lokacin kasuwa ke nan. Don haka Tabawa ta tafi gidan Nomau da tsakar rana, ta kuwa same shi ya baje ƙirji a kan sheƙa.

"Sannu da hutawa, angon ƙarni."

"Yauwa, Inna. Ina gajiya?"

"Gajiya ai tamu ce, ɗan nan. Ku kun yi sallama da ita. Ina Hansai?"

"Ta fita kalaci."

"Kalaci! Ikon Allah. Da gaske uwar ɗakinka ce ta ce ka zauna gida?"

Nomau ya sunkuyar da kai, ya gyara ƙwai da baki. "Ita ta ce, Inna."

Tabawa ba ta ƙara tambaya ba, don ta ji abin da ta zo ji. Kafin rana ta karkata ta kai ƙara majalisa, wai ba don kanta ba, don doka.

Ranar zama, Ɓauna na shugabantar majalisa, Zakara ne ya fara miƙewa. Shi ke busa tashi a kamfanin Giwa, kodayake an daɗe ba a ji muryarsa a can ba, domin kullum akwai wadda ta yi masa ƙwai, hutu na ƙarewa wani na kamawa. Bai taɓa sanin ɗumin ƙwai ba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ba hassada nake ba, Allah ya sani. Amma mu da muka sha wuya muka shiga babban wuri, me ya raba mu da ɗan aiken rumfa in shi ma zai kwanta a gida? Gobe sai ka ji mai tallan gyaɗa na neman hula irin tamu."

Kurege mai rumfar gyaɗa ya karɓe. "Ni abin da ya dame ni, tun da maganar nan ta fito, mata sun daina tsayawa a wajena. Duk suna rumfar Bushiya, wai mai tausayi. Ma'aikatana kuma kallon da suke yi mini ya canza. In alheri za ta yi, ta yi shi a ɓoye mana, kada ta shafa mana."

Aka ba Tabawa dama. "Mu ma mun haifa," in ji ta. "Ba wanda ya taya mu, ba mu mutu ba. Abin da muka sha, su ma su ɗanɗana, shi ne adalci."

Aka tafa mata sosai, har ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Sai aka kira Bushiya. Ta zo a dunƙule, ta ce ita ba ta son yawan magana a kan abin da ke tsakaninta da yaranta. Ciniki ya yi mata kyau kwanakin nan, ba ta ga dalilin buɗe baki ba.

Ɓauna ya yi gyaran murya. "Doka ba ta ba ki ikon ba da hutu ba. Ko Nomau ya koma aiki gobe, ƙwai su ji da kansu, ko a rufe rumfarki."

Nan Bushiya ta warware, ta fito da hancinta.

"Ranka ya daɗe, wane aiki zai koma? Ranar da matarsa ta yi ƙwai ya zo ya ce in ba shi hantsi zuwa la'asar har su ƙyanƙyashe, zai riƙa rama mini da yamma. Na ce ya je ya zauna gida gaba ɗaya. Washegari na ɗauki wata hasbiya, ba ta da miji, ba ta da niyya."

Majalisa ta sauke ajiyar zuciya. Zakara ya ce dama shi bai taɓa zargin baiwar Allah ba. Kurege ya je ya gaishe ta. Ɓauna ya bayyana cewa ba a taka doka ba, aka yi addu'a aka watse.

Tabawa ta tare Bushiya a bakin hanya. "Tsaya, 'yar nan. Wato ba a biyansa?"

"Ba hutu na ba shi ba, Inna. Korarsa na yi."