Ministan Mai na Ketare

Shekarar da na sayi rediyo, ba wanda ya isa ya ja da ni a Ketare. Kullum ina gindin durumi ina yi wa mutane bayanin duniya.

Wata rana mai karanta labarai ya ce mai ya yi tsada a ƙasashen Turawa, har layi suke yi, kuma duk mai shi a hannu kakarsa ta yanke saƙa. Na yi ta mamakin abin da Turawa ke soyawa haka, amma ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni ke da rediyo? Ran kasuwar Ƙanƙara na sayar da shanun huɗata, na sayo man gyaɗa garwa-garwa, na jibge a ɗakin matata.

Ta ce, "Malam, ƙosan gari duka za mu soya?"

Na ce, "Ke dai zura ido. Harka ce ta ƙasa da ƙasa."

Ina jiran Turawa, sai ga Alhaji Sule, direban da ke jigilar Faskari. Ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya dafa tankin motarsa.

"Wannan suke nufi, Malam. Na ƙarƙashin ƙasa."

Na ce ai gyaɗa ma a ƙarƙashin ƙasa take. Wannan amsar ce ta ƙarasa ni.

Daminar nan da garmar hannu na yi huɗa. Har yau, in fetur ya yi wuya, sai an aiko jikokina: wai a roƙi Ministan Mai ya saki ko garwa ɗaya.