Ƙafar Jimina da Amalanken Majalisa

A wani daji da ke bayan Dutsen Kurege, an taɓa gwabza yaƙi da karnukan mafarauta. Da ƙura ta lafa, tafkin kusa ya ƙafe, sai majalisar dabbobi ta sa aka sassaƙa amalanke, Jakin Dawa ya riƙa jan nakasassun yaƙi zuwa rafi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: sai wanda ya rasa ƙafa biyu. 'Yan majalisar kuwa duk masu ƙafa hurhuɗu ne.

Jimina ce ta riƙa kai saƙo bakin daga har tarko ya datse mata ƙafar hagu. Ta iso gaban majalisa da tsalle, tana dogara fiffike, maƙogwaronta a bushe ƙamas.

Gadu, shugaban majalisa, ya gyara zama ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna Jimina. Ƙafa nawa kika rasa?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ayya! Doka biyu ta ce. Ga Barewa can, ɗaya ta rasa, kullum tana zuwa rafi ba ta kai ƙarar kowa ba."

Jimina ta miƙe dogon wuyanta. "Barewa uku suka rage mata! Ni nawa Allah ya ba ni? Ku dube ni mana! Ranar da karnuka suka kewaye ramin 'ya'yanka, Gadu, ka tsaya ƙirga ƙafafuna kafin ka aike ni? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski!"

"Gaskiyarki, Inna. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu duba dokar bayan damina."

Ana cikin haka sai ga Shanshani, mai gadin rumbun abinci lokacin yaƙi, wanda ƙyauren rumbu ya tsinke masa ƙafa biyu yana tsaka da ɗanɗana gero. Aka duƙa aka yi ta laluben gurbinsu cikin sauran ƙafafun, da ƙyar aka gano. Majalisa ta tafa masa, aka ɗora shi a amalanke.

Jimina ta miƙa ƙafarta ta dama. "To ku sare wannan, ta cika biyu!"

Gadu ya girgiza kai cikin tausayi. "Wadda aka rasa bayan yaƙi ba ta cikin lissafi."

Jimina ta juya. Ta nufi rafi da tsalle, ta faɗi, ta tashi, ta faɗi. Amalanke ya wuce ta, Shanshani yana miƙe a inuwar rumfar amalanken, ya ɗaga mata ƙafa ɗaya don gaisuwa.

A rabin hanya aka tsinci gawarta. Majalisa ta yi juyayi ƙwarai, Gadu ya yi jawabi har ya share hawaye, ya ce jaruma irin wannan ba a jan ta a ƙasa. Aka ɗauko ta a amalanke, da rumfa da komai.

Ranar dai ba wanda ya ƙirga ƙafa.