Abin da Na Ɓoye a Bayan Hoto

Tun da makafi suka yabi shafin intanet na Bulus, abokin aikina, na kasa sukuni. Shafi ba ado ba komai! Da aka ba ni na manoman Kwaja, na cika shi da hotunan masararsu. A gurbin bayanin hoto kuwa, tunda ido ba ya ganinsa, na rubuta abin da ke raina.

Ranar gwaji ina hura hanci, Malam Hamidu makaho ya sa wayarsa ta karanto mana: "Hoto. Na fi Bulus. Hoto. Na fi Bulus."

Ya ce, "Ɗana, to ina masarar?"

Har yau Bulus in ya kira ni a waya, sai ya ce, "Wanda ka fi ne."