Tarwadar da Ta Yi Ƙafa

A daminar shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, ɗalibaina suka watse, zaure ya yi shiru. Maiɗakina kuma tana Yashe wajen jinyar mahaifiyarta. Kaɗaici ya kai ni tafkin bayan garinmu, kusa da Kafinsoli, wai zan koyi su.

Wani tsohon masunci, Baba Ilu, ya ara mini ƙugiya da ɗan kwando. Ya ce in zuba dusa a kwandon in kama ƙananan kifi masu rai, su ne koton babbar tarwada. Ya so ya raka ni, na ce wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba zai kasa gane kifi ba.

Kwando ya cika da wasu baƙaƙe masu ƙaton kai da wutsiya. Na ce Alhamdulillahi, 'ya'yan tarwada ne. Tausayi ya hana ni soka su a ƙugiya, sai na kai su gida na zuba a randa. Kullum bayan La'asar nakan ba su dusa, har hira nake yi musu.

Da suka yi ƙiba, na gayyato Baba Ilu ya ga kiwona. Ya daɗe yana leƙen randar.

"Allah gafarta Malam, tarwadarka ta fara fitar da ƙafa."

Har yau in kwaɗi suka ɗau kuka da damina, sai ya leƙo zaure ya ce, "Malam, ɗalibanka na tilawa, ba ka zuwa ka gyara musu?"