Sabo Janar Manaja da Musayar Yaron Nan

Duk wanda ya fara sayar wa Bahaushen Washington talabijin mai faɗin ƙofar gareji, shi ya kashe mu, kuma ban yafe masa ba. Kafin zuwan wannan allon mutanen kirki ne mu: mai tuƙi ya yi tuƙinsa, mai gadi ya yi gadinsa, likita ya duba marasa lafiyarsa, kowa ya san iyakar saninsa. Yanzu kuwa mutumin da bai taɓa yin gudun da ya wuce daga mota zuwa ƙofar masallaci ranar ruwan sama ba, sai ka same shi a kwance kan kujera yana koya wa ƙwararrun ƙwallon kwando yadda ake tsalle. Duk mun kamu, kada ka kalle ni. Amma wanda ciwon ya ci har ƙashi shi ne Sabo na Laurel.

Sabo direba ne, yana jigilar mutane zuwa filin jirgi, rediyon wasanni kuwa ba ya mutuwa a motarsa. Ko gaisuwar mutuwa aka je, kafin a shafa fatiha ta biyu ya kawo zancen.

"Ni fa daga tafiyar yaro nake gane ɗan wasa," in ji shi, yana buga ƙirji. "Ko a madubin mota na hango shi, na gama karanta shi. Wallahi da za a ba ni ofis na wata guda, da kofi ya tako da ƙafarsa ya zo gidana ya yi sallama."

Saboda haka aka laƙaba masa Janar Manaja. Don tsokana aka sa sunan, shi kuma ya karɓa hannu biyu kamar naɗin sarauta.

To, jama'armu ta nan tana da gasar ƙwallon kwando ta matasa duk hutun bazara, tsakanin garuruwan Laurel da Bowie da Sterling. Kowace ƙungiya tana riƙe 'yan wasa biyu daga na bara, sauran yaran kuma a zaɓe su bi da bi, wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara zaɓe. Haka muka gani a talabijin, haka muka kwaikwaya. A 2012 aka canza wa mai kula da Laurel lokacin aiki, Sabo ya dami kowa da waya har aka gaji aka ce, "Je ka, ka riƙe."

Cikin yara biyun da Laurel ta riƙe akwai Misbahu, ɗan Sabo na fari. A nan gizo... a'a, bari in faɗa maka kai tsaye, a nan matsalar take. Sabo mutumin gargajiya ne, yana kunyar ɗan fari kamar yadda ubansa ya ji kunyarsa. Shekara goma sha bakwai bai taɓa kiran sunan yaron ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan". Bai taɓa zuwa kallon wasansa ba, don kada a ce yana ji da ɗansa. In wani ya fara cewa, "Kai, Malam Sabo, jiya ɗanka..." sai ya tuna bai kulle mota ba, ya fice. Abin da ya sani game da Misbahu biyu ne: gajere ne, kuma yana cin abinci kamar ma'aikatan gini. Uwar yaron, Furera, ita ma ba ta kiran sunan, Yayan Afnan take ce masa, da sunan mai bi masa, amma ita kunyarta a baki ta tsaya. Ita ke kai shi atisaye, ita ke ihu a benci har muryarta ta dushe.

Ana saura kwanaki a yi zaɓe Sabo ya shiga wani kanti, ya ga wani saurayi ya sauko da buhun shinkafa daga kantar sama ba tare da ya ɗaga dunduniya ba. Dogo ne har sai da Sabo ya riƙe hularsa kafin ya ga fuskarsa. Sunansa Davou, bai daɗe da zuwa daga Jos wurin kawunsa ba.

"Samari, kana wasa?"

"Sosai, Baba. A unguwarmu ba wanda ya kai ni kama ƙwallo."

Sabo bai ƙara tambaya ba. Me zai tambaya? Ya gama karanta shi. Ya sa aka rubuta sunan yaron cikin waɗanda za a zaɓa, ya ja bakinsa ya tsuke, yana ta murmushi shi kaɗai a kan titi har fasinjoji suka fara tsorata.

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a ɗakin ƙasa na gidan Dokta Rilwanu, likitan haƙori, mai kula da Bowie. Bowie ce ta zo ta ƙarshe bara, don haka zaɓin farko nasa ne. Maza sun cika kujeru, yara sun jingina da bango, mata suna sama ana suyar ƙosai. Sabo ya iso da kwat, a wannan zafin, da abin waya maƙale a kunne ba kowa a layin.

Tsoronsa ɗaya: kada Dokta ya riga shi ɗauke dogon. Kafin a fara sai ya miƙe.

"Likita, ina da tayi. Ka ba ni zaɓinka na farko."

"In karɓi me, Janar?"

"Zaɓina na biyu na bana, da na farko na baɗi."

Dokta ya kaɗa kai yana dariya. "Bai isa ba."

Sabo ya dubi bango, ba tare da ya tsayar da ido ba, ya nuna da haɓa. "In haɗa maka da yaron nan."

Dokta ya daina dariya.

"Wane yaro?" Dokta ya tambaya a hankali, irin muryar da yake yi wa mai jin tsoron allura.

"Wancan. Na gidana."

Sai wuri ya kaure. Sanusi ɗan jarida, mutumin Laurel na gani-kashe-ni, ya yi tsalle har shayinsa ya zube. "Malam Sabo, ka sha wani abu ne? Misbahu za ka bayar? Har da zaɓin baɗi?"

"Zauna, ɗan jarida, karanta labarai daban, sanin ƙwallo daban. Ina kwandon yake? A sama. Wa ya fi kusa da sama, dogo ko gajere? Lissafi ne fa, ba son kai ba."

Wani ɗan Sterling ya ce ai akwai hikima a ciki, shi dai a yi musayar. Ba shakka zai ce haka, tunda bara Misbahu ne ya kore su gida. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da kara. Yanzu ina ake samun uban da zai ba da nasa?" Wannan yabon ya ƙarasa Sabo. Ya kumbura har maɓallin kwat ya nemi agaji.

"Malam Sabo, ka taɓa ganin wasan yaron nan kuwa?" Sanusi ya sake tambaya, kamar zai yi kuka.

"Ina ganinsa kullum a gaban firij."

Dokta Rilwanu bai bari ya rufe baki ba, ya cafke hannunsa. "Na karɓa. Jama'a ku shaida."

Misbahu ya ɗauki jakarsa ya tsallaka ɓangaren Bowie. "It's cool, Dad," ya ce, wato ba komai, ko kallon uban bai yi ba.

Sabo ya gyara murya kamar mai sanarwa a talabijin. "Da zaɓin farko, Laurel ta ɗauki Davou na Jos!"

Dokta ya dubi mai kula da Sterling, shi ma ya dubi Dokta. "Wane ne Davou?"

Ka ji fa. Ba wanda ya san da yaron, balle ya yi niyyar ɗaukarsa. Da Sabo ya zauna ya yi shiru, da a zagayen ƙarshe zai same shi kyauta, har a yi masa godiya. Amma ya dake, ya ce ai wannan shi ne aikin ƙwararru, ganin abin da ba a gani.

Davou ya shigo a sunkuye don kada silin ya fasa masa kai, ya gaida kowa da ladabi, sannan ya zaro safar hannu manya daga aljihu.

"Baba, ina ragar take? Ni gola ne fa."

Sanusi ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

A gida kuwa Sabo ya tarar da tukwane a wanke, a kife.

"Furera, ina abincin?"

"Baban Afnan, ai ni 'yar Bowie ce yanzu. An musanya mu. Dambun da na yi yana can wurin 'yan wasanmu." Ta tura masa kwalin hatsin da yara ke ci da madara. "Ga na Laurel."

Haka ya yi mako biyu yana horar da Davou da safe, yana cin abincin yara da yamma, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ranar wasa za a ga abin mamaki. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Wasan farko Laurel da Bowie ne, a zauren wasan wata makaranta, dattawa a layin gaba, Furera a bayansu da ɗankwali kalar Bowie. Aka jefa ƙwallo sama, Davou ya cafke ta, ya rungume a ƙirji, ya kwanta a kanta. Alƙalin wasa ya busa. Aka yi masa bayani, ya ce ya gane. Da ta sake zuwa hannunsa ya yi taku uku, ya sake ta, ya ɗaga ƙafa ya narka mata duka. Ta tafi ta maƙale a ƙarfen rufi, har yau tana can. Aka kawo wata.

"Dogo, jefa a kwando!" Sabo yana ihu. "Da hannu! Hannu, ɗan Jos!"

"Baba, ba wanda ya ci ni fa!" Davou ya amsa daga ƙarƙashin kwando, ya baje hannuwa, ƙwallo tana wucewa ta saman kansa.

Misbahu kuwa, abin da ya yi wa Laurel ranar nan ko maƙiyi ba ya yi. Ya bi ta dama, ya bi ta hagu, sau ɗaya ma ta tsakanin ƙafafun Davou ya wuce da ƙwallon. Sai dai Sabo bai ga ko ɗaya ba. Duk lokacin da ƙwallo ta shiga hannun yaron, dattawa na zaune, sai ya kau da kai ya kalli silin. Da yake ƙwallon ba ta bar hannun yaron ba, Janar Manaja ya ƙare wasan ya san kowace fitila ta zauren. Ihun Furera kawai yake ji: "Yayan Afnan! Ƙara musu!"

Da aka tashi, allon maki ya nuna abin da ba zan maimaita ba saboda akwai 'yan Laurel masu hawan jini. Sabo ya lallaɓa wurin Dokta, ya rage murya.

"Likita, musayar nan, a sake duba ta. Ka mayar min da yaron nan."

Dokta ya ɗaga murya yadda har mai shara zai ji. "Janar na son a mayar masa da yaro! To, ni ba mugu ba ne. Faɗi sunansa a gaban jama'a, ka tafi da shi kyauta."

Yaran Bowie suna zaune a benci, kowa ya ɗora rigar sanyi a kan ta wasa. Misbahu ya ɗago kai, a karon farko ya kalli ubansa ido cikin ido, yana jira. Sabo ya buɗe baki. Ya dubi dattawa. Dattijon da ya yaba masa kara ya kafe shi da ido. Sunan ya zo maƙogwaro ya yi kwana.

"Ai ka san al'ada, Likita."

"Na sani. To bar sunan. Faɗi lambar rigarsa. Duk wanda ke sanye da lambar da ka faɗa, naka ne."

Sabo ya ji sanyi a ransa. Wannan ai fagensa ne. Gwanin ƙungiya wace lamba zai sa in ba ta shahararren ɗan wasan nan da duk mai talabijin ya sani ba?

"Ashirin da uku!"

Daga ƙarshen benci wani yaro mai kumatu da tabarau ya miƙe, yankan fiza a hannunsa. Kabir ne, ɗan ƙanwar Dokta, wanda uwarsa ta sa shi a ƙungiya don ya rage zama. Ya zuge rigar sanyi, ga ashirin da uku ɓaro-ɓaro, ko ɗigon gumi babu.

"Hi, Uncle," ya ce, ya miƙa wa Sabo hannu mai maiƙo.

Zauren ya fashe. Sanusi yana dukan bango, Davou yana tafi bai san dalili ba. Misbahu ma dariyar ta ƙwace masa, ya cire rigar sanyinsa ya juya baya: lamba huɗu.

Furera ta sauko a nutse, makullin mota a hannunta.

"Baban Afnan, shekara uku ina wanke riga mai lambar nan ina shanya ta a bayan kujerar da kake kallon talabijin. Da ita kake share hannu in ka ci gyaɗa." Ta juya. "Yayan Afnan, mu tafi. Janar zai taho da ɗansa."

Ka gama dariyar? To, kai da ka haddace tsawon kowane ɗan wasan Amurka da sunan makarantar da ya yi, rufe ido ka faɗa min lambar rigar ɗanka na fari. In ka sani, tashi ka ƙaryata ni.